Ku Bar Yara Su Zana Lissafinsu

Ina rubuta wannan ne raina a ɓace. Wanda ya ji na taka shi ya yi haƙuri, amma ba zan janye ko kalma ɗaya ba.

Lissafi nake koyarwa a aji huɗu da aji biyar, a wata firamaren gwamnati a Kano. Akwai wata yarinya da ta zauna a ajina, bari in kira ta Hauwa, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Shekarunta tara a lokacin. Ba ta cikin masu rige-rigen ɗaga hannu, kuma in ana karanto jadawalin sau da baki, sau bakwai da sau takwas suna yi mata gardama. Amma in ka ba ta tambayar labari, a nan za ka ga aiki.

Wata rana na rubuta musu a allo: Inna ta kai ƙwai kasuwa, ta sayar da kashi biyu cikin biyar, 18 suka rage, guda nawa ta kai? Rabin ajin suka hau ninka 18 da biyu, wasu suka raba da biyar suka maƙale. Hauwa ta ja doguwar sanda a gefen littafinta, ta yanka ta gida biyar, ta cike gida biyu da fensir. Ta ɗora yatsa a kan ukun da suka rage, ta rubuta 18 a ƙasansu. Ta ɗan tsaya tana cizon fensir, sai ta sa 6 a cikin kowane gida, har da waɗanda ta cike. Ta rubuta 30. Na ce ta fito ta yi wa 'yan'uwanta bayani, ta yi da Hausa, a hankali, kuma yaran da suka maƙale suka gane daga bakinta.

Bayan hutun zango na biyu ta dawo ta zama wata daban. Gefen littafinta fes, babu zane ko ɗaya. Na ba su tambaya mai sauƙi: Audu yana da naira 70, kuɗinsa sun fi na Bala da naira 20, nawa ke hannun Bala? Kafin in ajiye alli ta rubuta 90.

Na tsuguna a gefen bencinta. "Hauwa, wa ya fi kuɗi?"

"Audu, Malam."

"Nawa ke hannun Audu?"

"Saba'in."

"Bala kuma casa'in?"

Ta yi shiru. Na ce ta zana mini, kamar yadda ta saba. Sai ta janye hannunta ƙarƙashin hijabi, idonta ya cika. Ta ce, "Ankul ya ce duk inda aka ce 'ya fi', tarawa ake yi. Kuma ya ce zane aikin 'yan nazire ne."

Ashe mahaifinta ne ya ɗauko mata malamin lesin, wai zai shirya ta ta zauna jarrabawar shiga sakandare daga aji huɗu. Na karɓi littafin lesin ɗin na duba. A shafin farko an jera kalmomin Turanci, kowace da alamarta a gaba: in ka ga wannan ka tara, in ka ga waccan ka ɗebe, in ka ga kaza ka raba. A shafi na uku ta yi zanenta, ta samu amsa daidai, an ja mata jan biro a kai daga sama har ƙasa, an ba ta sifili. An yage shafi na huɗu. A bayan yatsunta akwai shaidar gefen rula da bai gama warkewa ba.

Na aika a kira mahaifin. Mutum ne mai son ilimin 'yarsa, wannan ba na musu, kuma guminsa yake zubawa. Na nuna masa littattafan biyu. Ya ce, "Malam, ku na gwamnati wasa kuke yi da yara. Murafun kwalba, tsinken tsintsiya, zane-zane. Yanzu fa tana karanto sau har goma sha biyu ba ta numfasa ba." Na ce, "Alhaji, karantowa daban, ganewa daban. Ka tambaye ta sau shida sau huɗu me yake nufi." Ya ce shi dai sakamako yake so. Na roƙe shi ya bar ta ta gama aji shida. Ya yi godiya, ya tafi.

Ta zauna jarrabawar wata makarantar kuɗi, aka ɗauke ta, don irin waɗannan makarantun ba sa mayar da mai kuɗin rajista. Bayan zango biyu ya dawo wurina da takardar sakamako a aljihu. Ita ce ta ƙarshe a lissafi. Ranar da ake da darasin lissafi ciwon ciki take tashi da shi. Abin da ya faɗa shi ne ya sa ni wannan rubutun: "Malam, ina ga ba ta da kan lissafi ne. Dama mata haka suke. Zan bar ta ta riƙa taya uwarta sana'a."

Yarinyar da ta warware tambayar ƙwai da gida biyar. Yarinyar da take ba da canjin awara a ƙofar gidansu, ta haɗa cinikin mutum uku a ka ba ta yi kuskuren naira goma ba. Ita ce ba ta da kan lissafi!

Ba a haifi yaro da ƙin lissafi ba, koya masa ake yi. Yaron da bai taɓa abu da hannu ba, bai gan shi a zane ba, lambar da ka ba shi hadda ce kawai. Zane ba wasa ba ne, tunani ne a kan takarda. Duk malamin da ya doki yaro don ya zana, bai san aikinsa ba.

Kuma kada a ɗauka wannan ƙirƙirar malaman gwamnati ce don ɓata lokaci. Tun a 1966 Jerome Bruner, masanin halayyar koyo ɗan Amurka, ya bayyana matakai uku da yaro ke bi: ya yi da hannu, ya gani a hoto, sannan ya rubuta da alama. A farkon shekarun 1980 ma'aikatar ilimi ta Singafo ta ga yaranta suna faɗuwa a tambayoyin labari, sai wata tawaga ƙarƙashin Dakta Kho Tek Hong ta gina zanen sanduna a kan wannan tsari. Da aka yi gwajin ƙasashe na TIMSS a 1995, Singafo ce ta zo ta ɗaya a lissafi. Sandar da aka ja wa Hauwa jan biro a kanta, da ita 'yan aji shida na can suke warware tambayoyin da mu sai an kai ga aljabara ake taɓa su.

Batun canjin awara ma an bincika shi. A 1985 wasu masu bincike suka wallafa abin da suka gani a birnin Recife na Burazil. Sun bi yara masu sayar da kwakwa da kayan marmari a titi, suka riƙa yi musu ciniki, yaran suka ci kusan kashi 98 cikin ɗari. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda, tsurarsu, irin na makaranta, sai suka faɗo zuwa kusan kashi 37. Ba ina cewa a ɗora wa yara talla ba ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa lissafin yana kansu, mu ne muke kasa haɗa shi da na littafi.

Wannan jerin kalmomi da masu lesin ke haddatar da yara, guba ne. Zan sake faɗa, guba ne. Yana aiki a tambaya goma masu sauƙi, uba ya ga jan biro mai daɗi ya ƙara kuɗin wata, sannan jerin ya kashe karatun tambaya gaba ɗaya. Yaro ya daina karanta labarin, farautar lamba biyu da kalma ɗaya kawai yake yi. A Grenoble ta Faransa an taɓa tambayar yaran firamare: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun direban jirgin nawa? Cikin yara 97, guda 76 sun ba da amsa ta hanyar haɗa lambobin. Ka gwada irinta a gidanka yau da daddare. In yaronka ya ce 36, kada ka dake shi. Nemi wanda ya koya masa cewa duk lamba biyu da suka haɗu dole a yi musu wani abu.

Haka nan tambayar mota. Ɗalibai 50 za su tafi yawon buɗe ido, kowace mota tana ɗaukar 18, mota nawa za a kawo? Sai ka ga an rubuta "2 saura 14", malami kuma ya ba da maki. To, sha huɗun nan a ƙasa za su tafi? George Pólya ya rubuta tun 1945 cewa matakin ƙarshe na warware matsala shi ne ka waiwaya ka duba amsarka. Mu a nan matakin ƙarshe shi ne ka miƙa littafi kafin na kusa da kai.

Abokan aikina ma ba zan ƙyale mu ba. Nawa ne cikinmu za su iya faɗin abin da ake arowa in an ce "ari ɗaya" a 402 a ɗebe 178? Yaro ya tambaya ta yaya ake aro a wurin sifili, a ce masa haka ake yi, zauna. Alhali da tsinken tsintsiya da robar ɗaure kuɗi an gama magana: goma-goma a ɗaure, ɗauri goma a haɗe su dami guda, dami huɗu da tsinke biyu a kan tebur. Ka ce ya ba ka tsinke takwas. Da kansa zai kwance dami, ya kwance ɗauri, kuma daga ranar ba zai sake rubuta 376 ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, 21,780 suka kasa kai kashi 75 cikin ɗari. An yi ta gardama a kan yadda aka shirya jarrabawar da yadda aka sallami mutane, kuma akwai abin dubawa a gardamar. Amma duk wanda ya zauna a ɗakin malamai ya san akwai masu takardar NCE da suke tsallake babin kashi-kashi duk shekara don su ma tsoronsa suke ji.

Na san uzurin. Yara sun haura ɗari a aji, babu kayan aiki, manhaja tana kora. Gaskiya ne, a cikinsa nake. Amma murfin kwalba ba a sayensa, ƙwallon dabino ba a sayensa, ƙasar tsakar makaranta allo ce. Ka raba yaran biyar-biyar, tambaya ɗaya tak, su zana, su yi musu, wani ya fito ya kare amsarsa. Tambaya ɗaya da aka tattauna ta fi ashirin da aka kwafa daga allo. Ku bar su su yi musun da Hausa, Turancin zai biyo baya.

Masu duba makarantu, ku daina ƙirga shafukan da aka cike.

Masu makarantun kuɗi da kuka fara rubuta sunan Singafo a allon talla, ku ji tsoron Allah. Kun sayar wa iyaye littafi mai tsada, kun miƙa shi ga malamin da ba a taɓa zama da shi ko na yini ɗaya an nuna masa yadda ake amfani da shi ba. Na ga littafin wani yaro inda aka fara lissafo amsa da tsohuwar hanya, sannan aka zana sandunan daga baya don ado. Har zanen ma an mai da shi hadda.

Iyaye, tsallakar da yaro daga aji huɗu ko biyar zuwa sakandare ba burgewa ba ce. Shekara shida aka tsara wa firamare, kuma a aji biyar da shida ne kashi-kashi da kaso cikin ɗari da ma'auni suke zama a kan yaro. Kun cire su, sannan ku zo kuna mamakin yadda aljabara ta kayar da shi. Ku daina auna ilimi da saurin baki. Ku daina cewa "ni ma ban iya lissafi ba" a gaban yara, musamman ku iyaye mata a gaban 'ya'yanku mata, don suna ji, kuma suna riƙewa. In kun buɗe littafi kun ga zane a gefe, kada ku ce ɓarnar takarda ce. Ku ce ya yi muku bayaninsa.

In kuwa lesin ɗin ya zama dole, kafin ku yi cinikin kuɗin wata ku miƙa wa malamin fallen takarda ɗaya. Ku ce ya nuna muku, ta hanyar naɗe ta ko zane a kanta, dalilin da ya sa rabi a tara da sulusi ba zai zama biyu bisa biyar ba. Wanda ya iya aikin zai naɗe ta gida shida, ya nuna muku uku, ya nuna muku biyu, ku ga biyar cikin shida da idonku. Wanda ya fara karanto muku doka, ya ce ai haka ƙa'idar take, ku ba shi kuɗin mota ya koma.