Takardar Tarihin Aiki: Darasi Daga Ma'ajiyar Tsirrai Zuwa Bakin Iyakar Illela

A sashen nazarin halittu na kowace jami'a da ta amsa sunanta akwai ɗakin da ake ajiye busassun tsirrai. Akan danne tsiro a busar da shi, a manna shi a takarda mai kauri, sannan a liƙa wata 'yar takarda a gefe mai ɗauke da sunan tsiron, da wurin da aka tsinko shi, da ranar da aka tsinko shi, da sunan wanda ya tsinko. Masanin da ya zo bayan shekara 100 zai iya bin wannan bayani ya je wurin ya duba ko tsiron yana nan. In kuwa 'yar takardar ta ɓace, to, abin da ya rage ba shi da bambanci da harawa a idon masana, kome kyawunsa, kome kuma wahalar da aka sha kafin a samo shi.

Wannan ƙa'ida ce za mu ɗauka mu kai ta wani fage da ba a cika koyarwa a aji ba, wato rubuta takardar tarihin karatu da aiki, wadda 'yan boko ke kira si-bi. Hankalinmu zai fi karkata ga mutumin da ya daɗe yana aikin kimiyya ko fasaha, ya ƙware, sannan wata rana ya wayi gari yana neman sabon aiki. Ɗalibi zai ce ina ruwansa, tun da bai ko gama sakandare ba. Ruwansa shi ne, abin da zai rubuta a takardar nan yana da shekara 40, tun yanzu ake fara tara shi.

Illela da gwanayenta

Illela tana arewacin Sakkwato, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai, kuma tazara kaɗan ce tsakaninta da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. An san ta da karar dabbobi, da hatsi, da albasa, da manyan motocin da ke jiran a sallame su. Amma bayan wannan hada-hada akwai wasu ma'aikata da ba a cika lura da su ba: mai gwajin jini a asibiti, da ma'aikacin lafiyar dabbobi da ke duba shanu don ciwon huhu ko sammore, da mai kula da firjin allurar rigakafi, da mai haɗa wutar sola, da mai gyaran turakun sadarwa, da mai shigar da bayanan kaya a kwamfuta ga 'yan fito.

Abincin da yawa daga cikinsu yana rataye ne da shawarar da aka yanke a wuri mai nisa. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disambar 2020 aka buɗe Illela tare da Seme da Maigatari da Mfum. An sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta janye takunkumin a Maris na 2024. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa ta hannun hukumar USAID, ayyukan lafiya da dama suka tsaya a ƙasashen Afirka. Duk sa'ad da irin wannan ta faru, sai ka iske mutumin da ya shekara 12 yana aiki, wanda tun farko da baki ubangidansa ya kira shi, ya zauna gaban farar takarda bai san ta inda zai fara ba.

Faɗa daban, shaida daban

Abin da ya fi kayar da gwanaye shi ne suna rubuta halinsu maimakon aikinsu. Mu ƙirƙiri wani mutum don koyarwa kawai. Ga abin da ya fara rubutawa: "Ni mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana, na yi aikin rigakafi shekaru da yawa." Wataƙila gaskiya ne, sai dai duk masu neman aikin haka za su ce, kuma babu yadda mai karantawa zai gwada maganar. Ga kuma yadda ya kamata ya rubuta: "2015 zuwa 2024: mai kula da ma'ajiyar allurar rigakafi ta ƙaramar hukuma. Na kula da firji 6 masu aiki da hasken rana, ina rubuta ma'aunin sanyinsu sau 2 a rana, na kuma horar da ma'aikata 14 kan gwajin girgiza kwalba." A nan akwai wuri, akwai lokaci, akwai adadi, akwai kuma abin da za a iya tambayar wani a tabbatar. Tsiron ya sami 'yar takardarsa.

Dubi abin da layin ƙarshe ya gaya wa masani. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas. Kowa ya san zafi yana ɓata su, shi ya sa ake manna wa kwalba wata alama mai murabba'i a cikin da'ira, wadda ke yin duhu in zafi ya yi yawa. Abin da mutane ƙalilan suka sani shi ne wasu alluran, kamar ta ciwon hanta nau'in B da ta sarƙewar haƙora, ƙanƙara ce ke kashe su, domin sinadarin da aka haɗa musu don ƙara ƙarfi yakan dunƙule in ya daskare. Ana gane haka ta hanyar girgiza kwalbar da ake zargi tare da wata da aka daskarar da gangan, a ajiye su a duba wadda ta riga kwantawa. Saboda haka, wanda ya ambaci wannan gwaji ya nuna cewa ya san aikin daga ciki, ba tare da ya yabi kansa ko sau ɗaya ba.

Haka abin yake ga mai gwajin jini. Kada ya ce yana gwaje-gwaje iri-iri. Ya faɗi sunan na'urar, alal misali GeneXpert ta gano tarin fuka, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Ya faɗi kusan samfur nawa yake gwadawa a mako, da yadda yake tabbatar da cewa na'urar ba ta yi ƙarya ba. In ya yi aiki lokacin annobar sanƙarau ta 2017, wadda ta addabi Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya rubuta abin da hannunsa ya yi a lokacin. Mai sola ya faɗi ƙarfin wutar da ya haɗa da irin ginin da ya haɗa wa. Sharaɗi ɗaya ne: adadin da ba ka da shi a rubuce, ko ba ka da wanda zai shaide shi, ka bar shi.

Dangane da tsari kuwa, magana ba ta da yawa. Suna da lambar waya da adireshin imel a sama. Sai layi 3 ko 4 da ke faɗin ko kai wane ne a fagen aiki. Sai ayyukan da ka yi, a fara da na baya-bayan nan a koma baya. Sabon ɗalibi yakan sa makaranta a gaba domin ita ce jarinsa, amma gwani aikinsa ne jarinsa, don haka karatu ya biyo baya. Shafi 2 sun isa. Sunan firamare, da sha'awar kallon ƙwallo, da addini, da yawan iyali, duk ba su da gurbi sai in an tambaya. Jihar asali da ƙaramar hukuma akan buƙace su a aikin gwamnatin tarayya, saboda ƙa'idar raba guraben aiki tsakanin jihohi da ke cikin tsarin mulkin 1999. In akwai shekarun da ka zauna babu aiki, kada ka ja kwanakin wani aiki don rufe su. Rubuta abin da ka yi, ko noman rani ne a bakin tafkin Kalmalo.

Wani sabon al'amari shi ne, a manyan kamfanoni da ƙungiyoyin duniya, sau da yawa manhajar kwamfuta ce ke fara tace takardu kafin idon mutum ya gan su, kuma kalmomin da ke cikin sanarwar aikin take nema. Dabarar ita ce a karanta sanarwar da kyau, a kira kowace ƙwarewa da sunan da suka kira ta, muddin dai mutum yana da ita. Ado da zane-zane da teburori masu sarƙaƙiya sukan rikita manhajar. Wannan ya sa takarda ɗaya ba ta isa a yi ta aikawa ko'ina kamar katin ɗaurin aure. Kowane aiki da irin gyaran da yake so.

Lasisi da takardun ƙasa biyu

Aikin fasaha yana da masu tsaron ƙofa. Masu gwajin asibiti suna ƙarƙashin majalisar MLSCN, masu fasahar ɗakin gwaje-gwaje na kimiyya suna da cibiyar NISLT da ke Ibadan, dukansu da dokokin 2003. Injiniyoyi suna da COREN tun 1970, ma'aikatan kwamfuta kuma CPN tun 1993. Gwani ya rubuta lambar rajistarsa, ya kuma tabbatar lasisinsa bai mutu ba kafin ya aika takarda. Na sha ganin an ajiye takardar mutum mai hannu da kyau a gefe saboda wannan kaɗai.

Ɗan Illela yana da wata dama da yakan raina. Mutumin da ya saba aiki da takwaransa na Ƙonni, ya iya karanta takardar lafiyar dabba ko ta fiton kaya da Faransanci, ya san yadda ake bin sawun cuta in ta tsallaka iyaka, yana da abin da ɗan birni ba shi da shi, domin ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. Ya rubuta harsunan da yake ji da matsayinsa a kowanne: wanda yake magana da shi kawai, da wanda yake iya rubuta rahoto da shi. Hausa ma a rubuta ta, balle ma da Nijar ta ayyana ta harshen ƙasa a 2025. Sai dai tsarin karatun ƙasashen biyu ya bambanta. Can akwai BTS da lisans, nan akwai ND da HND da digiri. Wanda ya yi karatu a ƙetare, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke auna takardarsa ta faɗi matsayinta, kuma an ƙara tsanantawa tun Janairun 2024, lokacin da aka dakatar da karɓar digirin Binin da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna cewa ya sayi digiri a Kwatano cikin mako 6. Ko hoto ma al'ada ta bambanta: a ƙasashe masu amfani da Faransanci an saba manna shi, a Ingila da Amurka kuwa ba a son sa.

Batun ƙarya ba ya buƙatar dogon wa'azi. A Yulin 1999 Salisu Buhari ya sauka daga kujerar kakakin Majalisar Wakilai bayan ya amsa cewa ya ƙara wa kansa shekaru, kuma digirin Jami'ar Toronto da ya ce yana da shi babu shi. A wancan zamani sai da aka yi bincike mai tsawo. Yau saƙon imel ɗaya zuwa makarantar ya wadatar. A fagenmu ma abin ya fi sauƙin tonuwa, domin a ranar intabiyu ana iya miƙa maka gilashin jini da madubin ƙara girma a ce ka nuna ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Haka nan duk wanda ya ce ka biya kuɗi ya sama maka gurbi, ka ɗauke shi ɗan damfara.

Mashaida kuwa, a zaɓi mutum 2 ko 3 da suka ga aikinka da idonsu. Shugaban ɗakin gwajin da kuka shekara 5 tare ya fi babban mutumin da sunanka ma sai an tuna masa. A nemi izininsu tukuna, a kuma ba su kwafin takardar. Ta bakin irin waɗannan tsofaffin abokan aiki ne gwani yakan fara jin labarin gurbi, don haka zumunci da su ba neman alfarma ba ne.

Aiki ga aji

Malamai 'yan'uwana, littafin gwaji da muke sa ɗalibai su riƙe, mai kwanan wata da manufa da kayan aiki da sakamako, shi ne tushen duk abin da aka faɗa a sama. Ɗalibin da ya saba rubuta abin da ya gani, ba abin da ya kwafa daga allo ba, shi ne zai cika littafin koyon aiki na SIWES da gaskiya in ya shiga kwaleji, shi ne kuma zai iya faɗin yawan firjin da ya gyara bayan shekara 20.

Ga abin da nake ba da shawara a gwada a wannan zango. A raba ɗalibai biyu-biyu, kowane rukuni ya sami wani mai aikin fasaha a garinsu, ko mai gyaran injin ban-ruwa ne, ko mai gwajin jini, ko malamar ɗakin shan magani. Su gaishe shi da ladabi, su nemi ya ba su labarin aikinsa, su rubuta da Hausa yadda ya faɗa. Da sun komo aji, su tsamo layi 5 daga cikin labarin, kowane layi da shekara, da wuri, da abin da aka yi, da adadi in akwai. Sannan rukunoni su yi musayar takardu, kowa ya ja layi a ƙarƙashin duk maganar da ba za a iya tabbatar da ita ba, a mayar wa masu ita su koma wurin mutumin su sake tambaya.