Darasi Na Goma Sha Biyu: Faɗuwar Gaba Da Bugun Zuciya

Ka tuna ranar da malami ya shigo aji da takardun jarrabawa? Ba ka yi gudu ba, ba ka ɗauki kaya ba, amma zuciyarka ta riƙa bugawa da sauri. Wannan shi ne Bahaushe yake kira faɗuwar gaba. Ɗalibin da yake jiran sakamakon NECO a Suleja ya san ta. Haka ma ma'aikacin da cunkoson motoci ya tsare a Madalla, alhali ana jiransa a Abuja.

Zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Jijiyoyi iri biyu ne suke kai mata saƙo daga ƙwaƙwalwa, ba tare da saninka ba. Ka ɗauki zuciya kamar dokin hawan salla. Jijiyoyi na farko su ne ƙaimi, suna ƙara mata sauri. Na biyu kuwa su ne linzami, suna rage mata gudu.

Idan hankalinka ya tashi, ƙwaƙwalwa takan sassauta linzami, ta sa ƙaimi. Wasu ƙananan halittu da suke saman ƙoda kuma su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take bugu ya ƙaru, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi. Jiki ne yake shirin gudu ko kare kai.

Wannan ba ciwo ba ne. Da hankali ya kwanta, linzami yakan koma aikinsa. Amma idan damuwa ta ɗauki watanni, zuciya ba ta samun isasshen hutu, barci yakan gagara, kuma haɗarin hawan jini yakan ƙaru.

Kai ma kana iya jan linzamin. Ja numfashi ta hanci, sa'an nan ka fitar da shi a hankali, domin bugu yakan ragu a lokacin fitar da numfashi. Idan kuwa ka ji ciwon ƙirji ko jiri, sai ka ga likita.

Aiki
1. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ka ƙirga bugu na daƙiƙa 30, ka ninka sau biyu. Nawa ka samu?
2. Me ya sa aka kwatanta jijiyoyin da ƙaimi da linzami?
3. Yi jimla da “hankali ya tashi” da “hankali ya kwanta”.