Amsoshin Tambayoyinku: Tsadar Gugguru a Gidan Silima

Wani mai sauraronmu daga Adjamé, a birnin Abijan, yana tambaya: me ya sa gugguru da lemo suke tsada haka a gidan silima?

To Malam, mun gode. Kuɗin tikitin da ka biya ba na mai silima ba ne shi kaɗai. Kusan rabi yakan tafi ga masu fim da dillalansa. Amma ribar gugguru tasa ce, da ita yake biyan haya da wuta da na'urar sanyaya ɗaki. Kuma da ka shiga, ba wani mai sayarwa sai shi.

Ga wani abin kuma. Silimomin unguwa irin su Liberté ta nan Adjamé, da na Treichville, sun rufe. Na yanzu, Majestic da Pathé, galibi suna cikin manyan kantuna ko otal, inda haya ke da tsada. Gaskiya abin da ciwo, talaka ne aka bari a waje.

Shawarata, Malam: ka tsaya wajen mai sayar da abincin garba, ka ci acakenka da soyayyen kifi da barkono, ka sha ruwa, sannan ka je ka yanki tikiti.