Ƙumbar Teku: Cinta, Girmanta da Dafin da Takan Ɗauko

Duk wanda ya taso kusa da kogi ya san makankari, ɓawon nan da mata ke kankare ƙanzon tukunya da shi. To, a tekun ƙasashen Turai akwai 'yar'uwar wannan halitta, baƙa ce mai ɓawo biyu, namanta kuwa abinci ne mai daraja. Ita ce ƙumbar teku. Mutanen can kiwonta suke yi, suna sayarwa ɗanya ko a gwangwani.

A Turai ba inda ya kai yankin Galisiya, a arewa maso yammacin Sifaniya, yawan wannan kiwo. Tun wajen 1945 suka fara. Yau akwai kadarko mai yawo bisa ruwa fiye da 3,000 a mashigan tekunsu, mafi yawa a mashigin Arosa. Ana ɗaure katakon itacen turare a gicciye, a rataya masa igiyoyi har 500, kowace ba ta wuce mita 12 ba. 'Ya'yan ƙumba kuwa daga jikin duwatsun bakin teku ake kankaro su, a naɗe su a jikin igiya da wani siririn raga. Kafin ragan ya ruɓe, kowace ta fitar da zare daga jikinta ta manne. Akan soke 'yan sanduna a igiyar, tazara-tazara, don kada nauyi ya sa su zame su zube ƙasan teku.

Abin mamaki a wannan kiwo shi ne ba a sayen abinci. Mai kiwon kaji ko tarwaɗa ya san kuɗin abinci ne ke karya shi, amma mai ƙumba bai san wannan ba. Ita dai takan buɗe ɓawonta kaɗan, ta zuƙi ruwa, ta tace shi kamar rariya, ta riƙe ƙananan ƙwayoyin gansakuka waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Babba guda takan tace lita 20 ko fiye a wuni. Dalilin albarkar Galisiya ke nan: daga bazara zuwa ƙarshen zafi iskar arewa takan ture ruwan sama-sama, mai sanyi na can ƙasa ya taso da takinsa, gansakuka ta yi yawa, ƙumba ta ƙoshi.

Girma kuma ya danganta da mazauni. Waɗanda ke gaban kadarko, inda ruwa ke fara shigowa, su suke cin na fari, na baya sai ragowa, saboda haka na gaba sun fi saurin girma. Cunkoso ma yakan tsumburar da su. Shi ya sa bayan 'yan watanni akan ciro igiya a raba abin da ke kanta zuwa biyu ko uku. Cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi sun isa kai wa kasuwa.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. Ƙumba ba ta zaɓen abin da za ta haɗiya. Cikin dubban ire-iren gansakukar teku akwai kaɗan masu dafi, kuma wani lokaci sukan yi ambaliya, har ruwa ya yi jaja-jaja. Wani lokacin kuwa ruwan garau yake, dafin na ciki. Ƙumba ta ci, ta tara dafin a cikinta, ita lafiya lau, sai wanda ya ci ta ya kwashi kashinsa a hannu.

Dafin nan iri-iri ne. Mafi yawan wanda ke damun Galisiya shi ne mai sa zawo da amai, wanda kan saki mutum cikin kwana 3. Na biyu ya fi muni. Cikin rabin sa'a leɓe da harshe su fara tsikari, hannu da ƙafa su mutu, in abin ya yi tsanani numfashi ya tsaya. Ba shi da makari. Sai dai a taimaki mara lafiya da na'urar numfashi har jikinsa ya fitar da dafin. Tun 1793 aka rubuta labarinsa, lokacin da ma'aikatan jirgin Kyaftin George Vancouver suka ci ƙumba a gaɓar yammacin Kanada, ɗayansu ya rasu. Na uku kuwa a 1987 aka gano shi, a ƙumbar kiwo ta Tsibirin Yarima Edward, shi ma a Kanada. Mutum fiye da 100 suka kwanta, 3 suka mutu, wasu suka tashi ba sa iya riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwa, a gaya musu magana yanzu, an jima sun manta.

A lura da wannan da kyau: wuta ba ta kashe waɗannan dafi. Tafasawa, suya, sanyin firiji, duk a banza. Ba kuma a gane mai dafi ta wari ko ɗanɗano ko launi.

Saboda haka hukumomi suka ɗora dogaro a kan awo. A Galisiya akwai ma'aikata mai suna Intecmar, aikinta ɗebo ruwa da ƙumba a kai a kai tana aunawa. Dokar Tarayyar Turai ta yanke iyaka: dafi mai kashe jiki kada ya wuce maikirogiram 800 a kilo guda na nama, mai sa zawo kuwa 160. Da zarar an haura, sai a rufe yankin, ba cira ba sayarwa, har ƙumbar ta wanke cikinta da kanta a teku. Wannan kan ɗauki makonni, wani zubin watanni. Masu kiwo sukan yi kuka da asara, kuma kukansu da gaskiya, amma asarar dukiya ta fi asarar rai sauƙi.

To, ɗan'uwa, in neman ilmi ko fatauci ya kai ka ƙasashen bakin teku, ka sayi ƙumba a inda hukuma ta amince, mai takardar shaida a jikin buhunta. Kada ka tsinci ta jikin dutse ka dafa don ka ga wasu na yi. In kuwa ka ci ka ji leɓenka na tsikari, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe, garzaya asibiti ka gaya wa likita abin da ka ci.