Darasi: Yadda Ake Neman Malamin Yoga a Indiya

Ya ku ɗalibai, ku sani yoga horo ne na jiki da numfashi da zuciya, asalinsa Indiya, kuma yana da tushe cikin addinin Hindu. Malaminsa shi ake kira guru. Mai hankali a cikinsu, in zai riƙi guru na tsawon rai, abu uku yake dubawa.

Na farko, silsila: a gaban wa ya durƙusa? Ayengar ya fara karatu wurin Kirishnamacariya a Maisur a 1934, sa'an nan ya zauna Pune yana koyarwa tun 1937, can ya mutu a 2014.

Na biyu, hali, domin suna kaɗai ba ya isa. Bikram Chaudhuri ya shahara a Amurka, amma a 2016 kotu ta umarce shi ya biya tsohuwar lauyarsa fiye da dala miliyan 6 saboda cin zarafi.

Na uku, haƙuri. A daɗe ana lura da yadda yake da kuɗi da almajirai mata kafin a miƙa wuya.

To, mu Musulmi shiriyarmu tana cikin Alƙur'ani da Sunna. Amma ku riƙe wannan ma'auni: kada yawan mabiya ya sa ku damƙa wa mutum amanar zuciyarku. Wallahu a'alamu.