Iso Gaban Sarki Mai Tsarki

Karatu: Littafin Ishaya sura 6, Littafin Tarihi na Biyu sura 26, Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 10.

Ya ɗan'uwana mai karatu, ko kana zaune a Gaya, ko a Ajingi, ko a wani ƙauye na wannan ƙasa, ka san al'adar gidan sarauta tun kana yaro. Talaka ba ya kutsa kai gaban sarki. Sai ya tuɓe takalmansa tun daga nesa, ya zauna a zaure, ya jira har wani na cikin gida ya shiga ya yi masa iso. Sa'an da aka ce ya shigo, sai ya shiga, ya faɗi, ya yi gaisuwa. Wanda ya ƙi bin wannan hanya, dogarai su ne za su koya masa ladabi. To, in haka a ke yi wa sarki wanda shi ma ɗan Adam ne, ƙaƙa za a yi da Allah, wanda babu aibi gare shi ko kaɗan? Wa zai yi maka iso? Wannan ita ce tambayar darasin nan, ranka kuwa a kanta ya rataya.

1. Sarkin da ba a tuɓe shi

Mu mutanen ƙasar nan mun ga yadda sarautar duniya ta ke juyawa. A shekarar 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A 2021 Sarki Ibrahim Abdulƙadir ya rasu. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar da ta kafa masarautar, a watan Yuli kuma aka mayar da ita mai daraja ta biyu, da Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Ban kawo wannan domin in ce wane ya yi daidai ba, gama wannan ba aikin katikis ba ne. Na kawo shi domin ka tuna, doka tana kafa gadon sarauta, doka tana rushe shi, mutuwa kuma tana ɗauke mai zama a kai.

Haka ya faru a ƙasar Yahuza wajen shekara 740 kafin haihuwar Almasihu. Sarki Uzziya ya mutu bayan ya yi shekara 52 yana mulki. A shekaran nan ne annabi Ishaya ya ga Ubangiji zaune bisa kursiyi mai tsawo, mala'iku masu fikafikai shida suna ambaton tsarkinsa har sau uku. Ka lura da wannan: mala'ikun nan ba su taɓa yin zunubi ba, duk da haka suna rufe fuskokinsu da ƙafafunsu. In marasa laifi suna rufe fuska, ina labarinmu, ni da kai?

2. Wanda ya shiga ba iso

Uzziya ya hau sarauta yana ɗan shekara 16, ya kuwa fara da kyau. Ya ci yaƙe-yaƙe, ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi, yana kuma son noma. Amma da ya yi ƙarfi sai girman kai ya kama shi. Ya ɗauki kaskon turare ya shiga Haikali domin ya ƙona turare bisa bagade, aikin da aka keɓe wa firistoci kaɗai. Babban firist Azariya da waɗansu firistoci 80 suka tare shi, ya fusata da su. Yana cikin fushin nan sai kuturta ta fito masa a goshi. Ya zauna a gida dabam har ranar mutuwarsa, ɗansa Yotam yana riƙon ƙasa.

Turaren da ya kawo ba shi da laifi. Laifinsa shi ne ya zaci girmansa ya isa ya zama masa iso. Ɗan'uwana, ka bincike zuciyarka. Akwai wanda ya ke cewa a ransa, kakana yana cikin masu bi na fari a garinmu, saboda haka ni na gida ne. Wani yana ƙirga buhunan gero da na gyaɗa da ya kawo baiko ranar godiyar kaka. Wani kuma yana taƙama da karatunsa. Ni kaina na faɗa cikin wannan rami bayan na fito makarantar mishan, na ɗauka tun da na iya karanta Littafi a gaban jama'a, na fi tsofaffin da ke sauraro kusa da Allah. Dukan waɗannan kaskon turaren Uzziya ne. Ba wanda ya ke sayen shiga gaban Allah da gaisuwa, gama duk abin da za ka miƙa nasa ne tun dā.

3. Garwashi da awartaki

Ishaya bai yi kamar Uzziya ba. Da ya ga tsarkin Allah sai ya tabbata tasa ta ƙare, ya shaida cewa bakinsa ba shi da tsarki, na mutanensa ma haka. Bai kawo hanzari ba, ba shi kuwa da abin bayarwa. Sai ɗaya daga cikin mala'ikun ya ɗauko garwashin wuta daga bagade da awartaki, ya taɓa leɓunansa, ya sanar da shi an kawar da laifinsa.

Bagaye bai kamata wannan ya yi masa wuyar ganewa ba. Labarin kakanni ya ce wani maƙeri mai suna Kano ya tashi daga Gaya ya je Dutsen Dala neman tama, har garin ya ci sunansa. Ka je maƙera ka duba. Tsohuwar fartanya wadda tsatsa ta cinye ba ta iya gyara kanta, ba ta kuwa iya tafiya wurin wuta. Maƙeri ne ya ke ɗaukarta da awartaki, ya sa ta cikin garwashi, ya zuga, ya buga, har ta koma abin aiki. Wutar da ta ke cinye kara, ita ce ta ke gyara ƙarfe idan yana hannun maƙeri. Wannan shi ne alheri: Ishaya bai matsa wurin wuta ba, daga wurin Allah aka kawo masa ita, kyauta, tun bai roƙa ba.

4. Mai yi mana iso

A cikin Haikali akwai labule wanda ya raba wuri mafi tsarki da sauran ɗaki. Babban firist kaɗai ya ke wuce shi, sau ɗaya a shekara, da jinin hadaya a hannunsa. Matiyu da Markus sun rubuta cewa sa'an da Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye, labulen nan ya tsage biyu daga sama har ƙasa. Daga sama ya fara, domin a sani aikin Allah ne. Bangaskiyarmu ita ce, Ɗan Sarki da kansa ya fito zaure inda mu ke zaune, ya ɗauki laifinmu a kansa, ya kama hannunmu ya shigar da mu. Tsarkin Allah bai ragu ba ko da ƙwayar gero. An biya hakkinsa ne.

Yanzu ina magana da kai wanda kunya ta hana ka zuwa. Wataƙila ka ci amanar kuɗi, ko ka shiga gidan wani, ko ka musunci bangaskiyarka a kasuwa saboda tsoron bakin mutane, har ka daina zuwa sujada kana cewa sai ka gyara halinka tukuna. Ka karanta Markus sura 1. Wani kuturu ya zo ya durƙusa gaban Yesu, Yesu kuwa ya miƙa hannu ya taɓa shi, ya warke. Uzziya ya shiga da girman kai ya fito da kuturta, wannan ya zo da kuturta ya koma da lafiya. Kusa da birnin Kano akwai wurin da 'yan mishan suka yi jinyar kutare tun zamanin Turawa, ana ce da shi Yadakunya. Kuturta ciwo ce kamar sauran ciwuka, a yau magani yana warkar da ita sarai, kada kuwa ka ƙyamaci mai ita. Amma ka riƙe sunan nan a zuciyarka. Majinyaci ba ya jira ya warke kafin ya je wurin likita. Ka yar da kunya, ka zo yadda ka ke.

5. Halin wanda aka yi wa iso

Na fari, ka zo sujada da ladabi. Maƙwabtanmu Musulmi suna wanke jiki, suna tuɓe takalmi, ba su hira a cikin salla. Abin kunya ne a gan mu muna shiga majami'a da surutu kamar masu shiga kasuwa. Alheri bai soke tsoron Allah ba.

Na biyu, ka kiyaye bakinka. Leɓuna aka taɓa wa Ishaya. Bakin da ya yi addu'a ran Lahadi kada ya yi tsegumi ran Litinin, ko rantsuwar ƙarya a kan mudu, ko zagin addinin wani.

Na uku, kada ka zama dogari a ƙofar da Allah ya buɗe. In ɗan'uwa ya faɗi, ya tuba ya komo, ka matsa masa a tabarma. Kai ma kyauta ka shiga. Wanda ya ci bashinka ya kasa biya bayan damina ta ƙi, ka tuna naka bashin da aka yafe.

Na huɗu, ka yarda a aike ka. Sai bayan garwashi ya taɓa Ishaya ne ya ji Ubangiji yana neman ɗan aike, ya kuwa miƙa kansa. Aiki nagari ba shi ne kuɗin shiga ba, godiyar wanda ya riga ya shiga ne.

Addu'a: Ya Ubangiji Mai Tsarki, ba ni da gaisuwar da ta isa in kawo gabanka. Ka raba ni da girman kan da ke kutsawa, da kunyar da ke gudu. Ka tsarkake bakina da zuciyata, ka karɓe ni saboda Yesu Almasihu wanda ya yi mini iso. Amin.