Yaro na iya ƙoshi kuma yana cikin maraici

'Ya'yana matasan Faraku da Jugu, ku da kuka fara ajiye iyali, ku ba ni aron kunnuwanku. Da an ce an yi sakaci da yaro, hankalinmu sai ya tafi ga almajiri mai robar bara a bakin kasuwar Arzeke, ƙafa ba takalmi, kai duk makero. Nasa a fili yake. To amma masu binciken tarbiyya ba ciki kaɗai suke aunawa ba. Sukan duba ci da sutura, su duba ko ana kai yaro asibiti in zazzaɓi ya kama shi, ko yana zuwa makaranta, ko akwai babban da ya san inda yake bayan magariba. Sannan su tambaya: in ya yi magana, akwai mai amsa masa?

Wannan tambayar ce take hana ni barci. A Bukares ta ƙasar Romaniya, tun daga 2000, masana suka bi rayuwar yara 136 na gidajen marayu. Ana ba su abinci, amma da wuya a sami mai ɗaukarsu ya yi musu wasa. Suka taso da jinkirin magana da rashin natsuwa, wasunsu kowane baƙo suka gani sai su manne masa. Waɗanda aka ba wa iyalai riƙonsu kafin su cika shekara 2 su ne suka fi farfaɗowa.

Yanzu ku dubi 'yar riƙo a gidajenmu na Zango. Tun asuba ta share tsakar gida, ta ɗauki farantin talla, ta dawo da yamma ta miƙa ciniki. An ƙirga kuɗin, ba a tambaye ta ko ta gaji ba. Ran da ta fara ɗauke-ɗauke, ko fitsarin kwance, ko ta daina magana, sai a ce mugun hali ne, a ɗauko bulala. Wallahi sau da yawa kuka ne take yi da bakin da ya rage mata.

Tun 2006 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a Benin, kuma a 2015 aka kafa dokar kare yara. Sai dai doka ba ta shiga ɗaki da dare, ku ne kuke shiga. Don Allah, yau kafin ku ɗauki waya, ku kira kowane yaron da ke kwana a gidanku da sunansa, naku da na riƙo, ku tambaye shi yadda ya wuni, ku jira har ya gama ba ku amsa.